Ciwon da Ba Ya Son Allura

"Ina yaron?"

Sanatu ba ta juyo ba. Ta ci gaba da shanya tsummokaran goyo a kan dangar bayan gida, tana sake matse wanda ta riga ta matse.

"Barci yake yi."

"Barci..." Ziblim ya kashe babur ɗinsa ya sauko. "Yau ranar awo ce, Sanatu. Yara talatin da huɗu na rataya a sikeli a gindin ɗorawar can. Har tsohuwar nan da ba ta gani sosai ta lallaɓo da jikanta. Matata ce kaɗai ba ta zo ba!"

"Mantawa na yi."

"Kin manta mijinki zai shigo garinku?"

Ƙarya ba ta taɓa yi mata kyau a baki ba, balle yau da ta kwana uku ba ta runtsa ba.

Wata bakwai ke nan da ta dawo gidan ubanta a Dinyogu. Kamar kowace 'yar Dagomba mai haihuwar fari, ana gama suna aka kwaso ta da jaririnta Wumpini, kuma ba za ta koma ɗakinta ba sai yaron ya yi tafiya da ƙafarsa. Ziblim kuwa yana can Zantali, shi kaɗai a ɗakin shan magani, da ƙauyuka goma sha biyu a wuyansa. Nas ne, amma duk yankin Likita ake ce masa. Da damina irin wannan, da zazzaɓi da gudawa suke kwasar yara, sai ya yi mako biyu bai leƙo su ba. In ma ya zo, rabin ziyarar a tsugune take ƙarewa gaban surukai.

Ta saci kallonsa. Ya rame. Wuyan farar rigarsa ya yi masa yawa, idanunsa sun faɗa. Tausayinsa ya kama ta, har ta ji kamar ta kai hannu ta share masa gumi, sai ta tuna inda suke.

"Sanatuna," ya sassauta murya, "dube ni mana. Laifi na yi?"

"Ba ka yi komai ba, Baban Wumpini."

"To me ya sa idonki ya yi..."

Bai ƙarasa ba. Daga cikin gida, ta 'yar tagar ɗakin Gwaggo Samata, wani ɗan tari ya fito. Gajere ne, busasshe, yana ƙarewa da wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar na wanda aka ɗora wa kaya.

Fuskarsa ta sauya gaba ɗaya.

"Wannan tarin na waye?"

Tsumman da ke hannunta ya faɗi ƙasa.

"Sanatu! Na waye?"

"Kwana uku ke nan..." Hawaye suka ɓalle mata. "Gwaggo ce ta ce kada ka sani. Ta ce in ka sani allura za ka yi masa, kuma ciwon haƙarƙari ba ya son ƙarfe..."

"Kwana uku." Ya maimaita a hankali. "Ɗana. Ni kika ɓoye wa?"

Da ya yi mata tsawa da ya fi mata sauƙi. Bai yi ba. Jakarsa ya saɓa, ya juya.

Ɗansa yana ɗaki yana kokawa da numfashi, tsakaninsu bango ɗaya, amma sai da bawan Allahn nan ya zaga ta ƙofar gida, ya tuɓe takalma a zaure, ya shiga tsakar gida ya tsuguna. Haka suruki yake yi a ƙasar nan ko da gobara ta tashi, haka kuwa ya yi.

Gwaggo Samata tana zaune a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ƙanwar mahaifin Sanatu ce. Ita aka ba Sanatu tun tana shekara huɗu, ita ta raine ta, ita ta yi mata kayan ɗaki da kuɗin man kaɗe. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan yayanta, kuma a harkar goyo babu mai ɗaga mata murya a gidan.

"Barka da rana, Gwaggo."

"Naa."

"Ya sanyin damina?"

"Naa," ta sake amsawa, kamar yadda Dagomba suke amsa gaisuwa. "Ya mutanen Zantali?"

"Naa."

"Ya gajiyar aiki?"

"Naa."

Sanatu tana raɓe jikin bango tana ji kamar ta kurma ihu. Sai da aka tambayi lafiyar iyayensa, da gonarsa, da zabinsa, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, ina roƙon a fito min da yaron in gan shi."

Tsohuwar ta ɗago ta watsa wa Sanatu wani kallo.

"Bakinki dai ba ya riƙe ruwa. Je ki ɗauko masa. Ɗansa ne, gani ba ya kisa."

Sanatu ta fito da shi ta zauna a tabarma. Wumpini, yaron da ba ya zama wuri ɗaya, yau ya yi laƙwas a cinyarta. Jikinsa zafi rau. Haƙarƙarinsa yana sheƙin man kaɗe, da 'yan tsage-tsage guda shida da aka cusa wa baƙin gari.

Ziblim ya ga tsagar. Ya runtse ido.

"Ɗaga masa riga. Kada ki girgiza shi."

Ya ciro ɗan agogon da yake ratayawa a wuya, ya danna. Idonsa yana kan cikin yaron, leɓɓansa suna motsi. Gidan ya yi tsit, sai kukan zabi a waje. Duk jan numfashin da Wumpini zai yi, sai ƙasan ƙirjinsa ya lotsa ciki. Tun jiya Sanatu take ganin lotsawar nan, ta ɗauka rama ce.

Agogon ya yi ƙara.

"Sittin da takwas," in ji shi. "Yaro kamarsa bai kamata ya kai hamsin ba. Yaushe rabonsa da nono?"

"Tun asuba. Yana kamawa ya saki..."

Ya juya ga tsohuwar, har yanzu a tsugune.

"Gwaggo, nimoniya ce, ciwon huhu, kuma ta yi nisa. Da ranar farko ce, maganin sha ya isa. Yanzu ko ruwa ba ya iya haɗiya. Sai an yi masa allura a Zantali, sannan a wuce da shi babban asibiti yau ɗin nan."

"A'a."

"Gwaggo..."

"Na ce a'a!" Ta ture ƙwaryar gyaɗar. "Na hana ka allurar rigakafi? Lafiyarsa lau lokacin, ka soka masa son ranka. Amma wannan ciwon ba ya son allura. Kowa ya sani. Uwarka ma ta sani, je ka tambaye ta!"

"Gwaggo, kullum ina yi wa yara masu irin..."

"Kai yaro ne. Takarda ka karanta, ni kuwa binnewa na yi." Muryarta ta fara rawa. "Neindo. Ɗana ɗaya tak da Allah Ya ba ni. Irin wannan tarin, irin wannan haƙarƙarin. Na goya shi da ƙafata har asibiti yana kallona, yana riƙe da ɗankwalina. Suka soka masa allura da hantsi. Kafin la'asar na goyo shi na dawo, ba ya kallon kowa. Shekara talatin! Yanzu ka ce in miƙa maka wannan?"

Sanatu ta san labarin Neindo tun tana ƙarama, amma ba ta taɓa jin Gwaggo ta ambaci sunan da bakinta ba. Zuciyarta ta karye. Ba mugunta ce ta sa tsohuwar ta kwana uku zaune tana dafa saiwoyi tana gasa wa yaron ƙirji ba.

"Ina Baba?" Ziblim ya tambaya.

"Yana gonar bakin rafi. Sai magariba."

"Magariba ta yi nisa, Gwaggo."

"To ka ɗauke shi da ƙarfi mana! Shigo gidan surukanka ka fizgi yaro a hannun uwar goyo, Dinyogu ta gani!"

Ziblim ya sunkuyar da kai. Sannan ya miƙe da ƙyar, kamar tsoho. Ya yi sallama yadda ya kamata, ya nufi zaure. Sanatu ta bi shi da yaron a kafaɗa.

"Baban Wumpini... tafiya za ka yi?"

Yana sa takalmi, bai dube ta ba.

"Ba zan iya fitar da shi daga gidan nan ba, kin sani. In na yi, auren nan ya mutu, kuma gobe babu uwar da za ta ƙara kawo min ɗanta a garin nan." Ya ɗago. Idonsa jajir. "Ke ce uwarsa. Ke kaɗai za ki iya ƙetare ƙofar nan da shi. Ina gindin ɗorawa."

"In kuma maganar Gwaggo gaskiya ce fa?"

"Ba zan yi miki alkawarin rai ba, Sanatu, ba a hannuna yake ba. Abin da na sani na faɗa miki. Na gaji, wallahi na gaji. Kullum sai na yi wannan roƙon a gidan wani. Ban taɓa zaton zan yi shi a kan ɗana ba."

Ya fita.

Ta koma ɗakin Gwaggo ta zauna bakin gado. Ɗakin yana warin hayaƙi da saiwa. Tsohuwar ta shigo da wani kaskon tana fifita garwashi.

"Kawo shi a turara. Zuwa gobe ciwon zai faɗa, ki gani."

"Jiya ma haka kika ce, Gwaggo."

"Au! Yau kuma ni ake mayar wa magana? Miji ya zo ya hura miki kunne?"

Sanatu ta ciro nono ta kai bakin yaron. Ƙirjinta ya cika har yana mata zogi. Ruwan nonon ya ɗiga a leɓensa, ya gangara ta kumatunsa zuwa kunne. Wumpini, da ko a barci ya ji ƙamshinta sai ya juyo yana lalube, ko motsi bai yi ba. Idonsa a rabin buɗe, yana ta wannan gurnanin.

"Wumpini... Babana... kama mana. Kama, ɗan albarka..."

Bai kama ba.

Wani tsoro ya shige ta wanda ya fi tsoron allura, ya fi tsoron Gwaggo. Ta miƙe, ta ɗora shi a baya, ta jawo zane.

"Ina za ki?"

"Zantali."

Gwaggo ta saki kaskon ta cafke bakin zanenta.

"Sanatu! Ni na goya ki a bayan nan. Na taɓa cutar ki?"

"Ba ki taɓa ba."

"Na taɓa ci na hana ki?"

"Ba ki taɓa ba, Gwaggo..."

"To ki ji maganata sau ɗaya! In kika fita da shi, gawarsa za ki dawo min da ita. Ba zan iya wanke yaro na biyu ba, 'yar nan, ba zan iya ba!"

Sanatu ta durƙusa da goyon a bayanta, ta kama hannun tsohuwar tana kuka.

"Ki yafe min. Kwana uku na bi naki. Ki bar ni in bi na ubansa yau. In ya mutu a can, ni na kashe shi, na ɗauka. Amma in ya mutu a ɗakin nan ina zaune ina kallo, ba zan ƙara zama mutum ba. Gwaggo, sake ni..."

Da hannunta ta ɓamɓare yatsun da suka yi mata kitso shekara goma sha biyar, ɗaya bayan ɗaya. Ta fita ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta tafi ba.

Yana gindin ɗorawa, zaune a kan babur, ya haɗa kai da hannu. Da ya ji takunta ya ɗago. Bai ce sannu ba, bai ce na gode ba. Ya tayar da babur.

Hanyar Zantali duk taɓo ce. Sau biyu suna sauka su tura. Da suka iso, barandar ɗakin shan maganin cike take da mata, kowace da yaro a cinya, tun safe suke jiransa.

"Likita ya dawo!"

"Likita, nawa amai yake tun jiya!"

"Kai Likita, yau da amarya aka zo? Shi ya sa aka shanya mu!"

Mai tsokanar ta hango fuskar yaron, ta kama bakinta. Matan suka dare suka ba su hanya.

A ciki ya kwantar da Wumpini a kan tebur. Ya ɗan soki yatsar yaron ya ɗiga jinin a abin gwaji, ba zazzaɓin sauro ba ne. Ya sa ta tatsi nono a kofi, ya ɗiga masa a baki da cokali, rabi ya shiga rabi ya zube. Ya auna nauyinsa, ya fasa kwalba, ya zuƙi maganin. Duk cikin sauri, irin na hannun da ya saba.

Sai da ya goge cinyar yaron da auduga sannan hannun ya ƙi.

Sanatu tana gani. Allurar tana rawa tsakanin yatsunsa. Mutumin da ya soki yaran ƙauyuka goma sha biyu, wasu ma yana yi yana musu waƙa, ya tsaya gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Baban Wumpini?"

"Ya yi nisa, Sanatu." Da ƙyar maganar ta fito. "In ya tafi bayan na yi masa... za su ce ni ne. Gwaggo za ta ce ni ne. Ke ma wata rana za ki dube ni ki..."

"Ba zan ce ba."

"Za ki ce a ranki."

Ta matso ta kama cinyar ɗanta da hannu biyu, ta danne ta yadda ta ga mata suna yi ranar rigakafi. Maganar Gwaggo tana yi mata amo a kunne.

"Ni na kawo shi da ƙafata. Dube ni, masoyina. Ni na ce ka yi. Soka masa!"

Ya yi bisimilla ya soka.

Wumpini ya yi wani ɗan kuka siriri, ya yi shiru. Ta sa kunne a ƙirjinsa. Yana numfashi.

Ziblim ya rubuta takarda, ya kira mai babur mai ƙafa uku da ke kai marasa lafiya babban asibitin gunduma. Ya taimaka mata ta hau, ya gyara wa yaron zane. Ta matsa ta ba shi wuri.

Bai hau ba.

"Ba za ka zo ba?"

Ya waiwaya ya dubi barandar. Yara goma sha tara, ɗaya a cikinsu idonsa ya zurma saboda gudawa.

"In na tafi babu kowa. Ki ba su takardar nan, sun san hannuna. Zan biyo ku in na sallame su."

Ta so ta ce masa nasa ɗan fa? Ta ga yadda yake tsaye da ƙyar, sai ta haɗiye. Har suka sha kwana tana hango shi a tsakiyar hanya, wata mata tana jan hannun rigarsa.

A babban asibiti aka sa wa Wumpini robar iska a hanci, aka ɗaura masa wata allurar a bayan hannu aka naɗe da filasta. Ciwon da aka ce ba ya son ƙarfe, sai ga shi ana ɗura masa magani ta ƙarfe safe da yamma. Duk zuwan nas sai Sanatu ta tuna maganar Gwaggo. Takan zauna ta ƙura wa yaron ido, tana jiran abin da ya sami Neindo.

Ziblim yakan iso bayan la'asar, taɓo har gwiwa. Ya duba katin da ke jikin gado, ya yi magana da ma'aikata, ya taɓa goshin yaron, ya ajiye mata kunu da ƙosai. Da ita kuwa, daga "Kin ci abinci?" sai "Sai gobe." Wannan shirun ya fi komai cin ranta. Daga Dinyogu mahaifinta ya zo a keke ya duba su, amma da ta tambayi Gwaggo sai ya kau da kai ya ce tana nan.

Rana ta uku da hantsi aka cire robar hancin. Sanatu tana zaune tana gyangyaɗi, yaron a cinyarta, sai ta ji ana jan wuyan rigarta. Ta buɗe ido. Wumpini ne yake lalube da baki, yana 'yar mita irin tasa ta mai jin yunwa.

Ta ba shi nono. Ya kama. Ya ja, ya ja, ya tsaya ya huta, ya sake kamawa da ƙarfi har ta ji zafi.

"Ya kama! Wayyo Allah, ya kama!"

Matar gadon kusa ta yi dariya. "To ki bar kukan mana, kada ki sa masa gishiri a abinci!"

A haka Ziblim ya same su, don ranar Asabar ce, ya fito da wuri. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Sannan ya zo ya zauna a gefen gadon, abin da bai yi ba tun zuwansu.

"Baban Wumpini," ta ce a hankali, "ka yafe min. Na san ba ka son ganina..."

"Wa ya ce miki?"

"Kwana uku ba ka dube ni ba."

"Kunyarki nake ji, Sanatu."

Ta ɗago da mamaki.

"Babu ƙauyen da ban tara mata na koya musu ba. In yaro yana numfashi da sauri, in ƙirjinsa yana lotsawa, in ya ƙi nono, a kawo shi a ranar. Har bakina ya gaji da faɗa." Ya murza idonsa. "Ke fa? Na taɓa zaunar da ke na faɗa miki? In na zo gidanku sai in tsuguna, naa, naa, in ajiye sabulu da doya, in saci kallonki in tafi. Ranar awo kuma kunya ta sa ki tsaya can baya, ana gamawa ki gudu, ni ma in yi kamar ban san ki ba. Na koya wa matan duniya, na bar tawa a duhu. Sannan na zo ina tuhumarki."

"Ni ce na ɓoye maka..."

"Ke ce kika fito da shi. Ni tsugunawa kawai na iya." Ya kama hannunta a ƙarƙashin zanen goyon, inda ba mai gani. "Ke ce ƙarfina, Sanatuna. Ranar nan da ba ki ce in soka ba, wallahi da ban iya ba."

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Rigarsa tana warin gumi da magani, ita kuwa ba ta taɓa jin inda ya fi nan daɗi ba.

Wata nas ta leƙo.

"Wace ce uwar Wumpini? Akwai wata tsohuwa a bakin ƙofar asibiti tun ɗazu. Mun ce ta shigo ta ƙi, mun ce ta tafi ta ƙi."

Suka dubi juna.

Da izinin nas ɗin Sanatu ta rungumo yaron suka fito, Ziblim yana biye. Gwaggo Samata tana tsaye a wajen ƙofar ƙarfen, da kwano a ɗaure cikin ɗankwali a kanta. Ƙafafunta sun yi futu-futu da busasshen taɓo. Ta tsufa a kwana ukun nan fiye da yadda ta tsufa a shekara goma.

Ba ta dubi Sanatu ba. Zanen da ke hannunta take kallo.

"Yana... yana da rai?"

"Ga shi, Gwaggo."

Tsohuwar ta sauke kwanon a ƙasa ta karɓe shi. Ta daɗe tana kallon allurar da ke ɗaure a bayan hannunsa. Ta kai yatsa kamar za ta taɓa, ta janye. Wumpini ya yi hamma, ya yi gyatsa, nono ya dalalo masa a baki.

"Sau nawa suka soka masa?"

"Na daina ƙirgawa."

Gwaggo ta gyaɗa kai a hankali. Ta zauna a kan dakalin bakin ƙofar.

"A rana ta nawa da fara ciwon kika kawo shi?"

"Ta uku."

"Ni a rana ta shida na kai nawa." Hawaye suka gangaro ta cikin tsagar fuskarta. "Kwana biyar ina turara shi a ɗaki. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Allurar nake zagi, shekara talatin, don in na daina zaginta ban san wa zan zaga ba..."

"Gwaggo..." Sanatu ta durƙusa ta rungume gwiwoyinta.

Ziblim ya tuɓe takalmansa a nan bakin titi, ya tsuguna.

"Gwaggo, lokacin babu wanda ya zo ya faɗa muku. Abin da kika sani kika yi masa, kuma don kina son sa kika yi."

Tsohuwar ta dube shi ta cikin hawaye, kallo na sosai, irin wanda suruka ba ta yi wa mijin 'yarta. Ta ga wuyan rigar, ta ga idanun. Ta goge fuska da gefen mayafi, ta jawo kwanon da ƙafa ta kwance ɗankwalin. Tuwon masara ne da miyar ayoyo, wato lalo, da cinyar zabo a sama.

"'Yar nan na kawo wa," in ji ta, tana jan hanci. "Amma kai ka fi ta zama abin tausayi. Tashi daga tsugunon nan."

"Gwaggo, ai ba na ci a gaban..."

"Yau babu surukuta. Zauna kusa da ni ka ci, ɗana. In ka ƙoshi, ka nuna min yadda ake ƙirga numfashin nan. Akwai yara biyu masu tari a bayan gidanmu."